Gindin shukata ta kariya ya fara laushi, ina neman shawara

Mai tambaya, daga Zariya: Assalamu alaikum. Wata biyu da suka wuce na sayi 'yar ƙaramar kariya a wurin masu sayar da furanni, na ajiye ta a falo, ina ba ta ruwa kowace safiya. Yanzu ganyenta ya yi rawaya yana zuba, kuma da na danna gindinta da yatsa sai na ji ya lotsa. Me ya kamata in yi?

Wani dattijo, daga Maraɗi: Wa alaikumus salam. 'Yata, ruwan da kike ba ta ne yake kashe ta. Kariya tsiron Sahel ce, tun daga Senegal har Sudan da ƙasashen Larabawa take fitowa da kanta a busasshiyar ƙasa, kuma wannan kaurin gindin nata rumbu ne da take ajiye ruwa a ciki. Ki tumɓuke ta yau, ki kakkaɓe ƙasar, ki sa wuƙa mai tsabta ki yanke duk inda ya yi baƙi ko ya jiƙe har sai kin kai ga farin nama mai tauri. Daga nan ki bar ta a inuwa kamar mako guda, ciwon ya bushe, kafin ki sake dasa ta.

Wata Hajiya, daga Kano: Gaskiyar Baba ne, amma zan ƙara da maganar tukunya, domin a nan na taɓa yin asara. Tawa ta farko a robar fenti na dasa ta ban huda ƙasan ba, ruwan Agusta ya taru a ciki, kwana kaɗan ta narke. Yanzu tukunyar ƙasa mai huji nake amfani da ita, in haɗa yashi mai tsakuwa kashi biyu da ƙasa kashi ɗaya, in barbaɗa dakakken gawayi. Falo kuma ba wurinta ba ne, tana son rana ta dake ta aƙalla awa 6 a yini, sai dai ki riƙa fito da ita a hankali, don wadda ta saba da ɗaki tana iya ƙonewa.

Wani malami, daga Jos: Ina roƙon a yi hattara da ƙaronta lokacin yankan, domin guba ne mai taɓa zuciya, har mafarauta a sassan Afirka suna shafa shi a kibiya. Ki sa safar hannu, ki wanke wuƙar sosai, ki ɗora tukunyar inda yara da awaki ba za su kai ba. Mu a nan sanyi ne damuwarmu, saboda haka da hunturu nake shigar da tawa cikin ɗaki da dare, in janye mata ruwa kusan gaba ɗaya. Idan ta zubar da ganye a wannan lokaci ba ciwo ba ne, hutawa take yi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na tumɓuke ta, na tarar ruɓar ta ci kusan rabin gindin. Shin rassan da suka rage za su kama idan na dasa su daban?

Dattijon Maraɗi: Za su kama da yardar Allah, in kin bar bakin yankan ya bushe kafin ki kafa su a yashi. Sai dai ki sani, wadda aka dasa daga reshe ba ta cika yin ƙaton gindi kamar wadda ta tsiro daga iri ba, amma furen iri ɗaya ne.