Hadarin ƙasa maganin mai kabido: wa ake nufi?

Ɗan Gangare: Salamu alaikum jama'a. Jiya a Farin Gada da ke Jos wani dillalin dankali suka kaure da direba kan kuɗin lodi, direban ya ce masa "hadarin ƙasa maganin mai kabido". Dillalin ya yi tsit. Barazana ce ko nasiha?

Baban Yara: Barazana ce mana. Ka shirya wa ruwan sama, sai abin ya ɓullo maka ta inda ba ka tsare ba. Dubi iskar bazaran nan, ƙura ta shige maka ido ko da me ka lulluɓa.

'Yar Bukuru: Baba, a yi min afuwa, ni ambaliya na sani. Kakata, Allah ya jiƙanta, ta sayar da tuwo a barikin kuza. Takan ba mu labarin wani heluma, wato shugaban leburori, da Bature ya ba shi kabido da takalmin ruwa. Ko a tsakiyar rani sai ya saka, don leburori su san da shi. Ga rowa, matansa ba su taɓa ganin sisinsa ba. Ashe fam-fam ɗinsa yake turawa cikin tulu ya binne a ƙarƙashin gado. Da aka kawo naira a 1973 aka ce kowa ya kai tsohon kuɗi, ya tono tulun, ya tarar ruwan damina ya tsattsafo ta ƙasa, abin da ya rage kuma gara ta gama da shi. Wai uwargidan tana daka tana rera karin maganar nan har ta bar gidan.

Baban Yara: To ai gara ce ta ci shi, 'yata, ba ambaliya ba.

'Yar Bukuru: Duk dai daga ƙasa suka fito, Baba.

Na Unguwar Rogo: Jikokin heluman nan ne suka sha wuya a canjin kuɗin 2023, hhhh.

Ɗan Gangare: Kai malam, talaka ne ya kwana a layin banki. Masu tulu ko atishawa ba su yi ba.

Uwar Biyu: Ni abin da ke ba ni dariya, ga Afrilu ruwa ya fara sauka a Jos, wasu manya kuma yanzu suke yar da laima suna rungumar tsintsiya saboda 2027. Da me za su tare ruwan?

Na Unguwar Rogo: Hajiya, a sassauta, akwai 'yan jam'iyya a nan. Amma in haka ne, mu masu ƙuri'a mu ne hadarin ƙasan.

Baban Yara: Hadarin da taliya da atamfa ke watsawa? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake jin ana cika bakin nan. Manoman Bokkos da Mangu taki suke nema yanzu, kuma su samu zuwa gona lafiya.

Uwar Biyu: 'Yar Bukuru, ba ki ƙarasa ba. Uwargidan ta dawo?

'Yar Bukuru: Ina! Wani mai awon kuza ta aura. Kabidon ma wai da shi ta tafi.