Sitirik ko khal: wanne zan fara?

Mai_Gwaji: Assalamu alaikum. Na samu hanyar molasis, baƙin ruwan nan mai kauri da ke saura in an tace sukari. Jarina kaɗan ne, ɗaki ɗaya gare ni. In yi sitirik asid, wato asid ɗin da ke sa lemun tsami tsami, da fumfunar Aspergillus niger, ko in tsaya a ruwan khal?

Sarkin_Sauri: Khal mana. Zuba yis ka toshe duro, shi ke nan.

Malama_Lab: Ina fa shi ke nan! Yis barasa kawai zai ba shi. Sai an buɗe an ɗaura ƙyalle, bakteriyar Acetobacter ta sha iska, sannan ta mai da ita asid.

Na_Ƙone: Ƙanena, rabu da sitirik. Ni na yi, a farantan ƙarfe, ban kuma tace molasis ɗin ba. Fumfuna ta rufe saman kamar bargo, ina ta murna. Kwana 12 na auna, ba wani abin kirki. Ashe in sinadaran ƙarfe da manganis suka yi yawa a ruwan, girma kawai take yi, ba ta zubo asid. Zubi na biyu tsamin ya cinye farantan. Ga baƙar ƙurarta da ta sa ni tari na mako biyu. Da na koma farantan sitenles, ƙarfen da ba ya tsatsa, rabin jarina ya tafi.

Sarkin_Sauri: Rabi? An dai cuce ka, Yaya. Ni ko rubu'i ban kashe ba.

Na_Ƙone: Kai da ba ka san khal na son iska ba?

Malama_Lab: Hanyar sitirik ɗin ba ta da laifi. Tun 1917 masanin kimiyya James Currie ya nuna ta, kamfanin Pfizer ya fara amfani da ita a 1919. Sai dai ko asid ɗin ya fito, cire shi wani aiki ne: a zuba ruwan farar ƙasa ya kwanta, a bi shi da salfurik asid, a bar ka da tulin jifsam, farin garin da ake yin filasta da shi.

Na_Ƙone: Malama, Pfizer a ɗaki ɗaya ta yi?

Ɗan_Raha: Ni burodina ma fumfuna yake yi kyauta, wa zai saya?

Uwar_Biyu: Ko khal ɗin ka yi, ina kasuwar? Wata shida ina renon nawa, wasu kuwa asetik asid na masana'anta, wato asid ɗin da ke sa khal tsami, suke sirkawa da ruwa zuwa kashi 5 cikin ɗari, su liƙa hoton tuffa. Mai saye farashi yake dubawa.

Sarkin_Sauri: Wata shida? Nawa mako huɗu.

Uwar_Biyu: A toshe?

Mai_Gwaji: Jama'a, molasis ɗin fa gobe za a kawo.