Wace sana'ar hannu zan ba Inna ta rage zaman shiru?

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kan kakata, Inna, wadda nake jinya a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim. Bara muka kai ta Asibitin Malam Aminu Kano, likita ya ce gigin tsufa ne ya yi nisa, ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa, kuma mu riƙa ba ta abin da hannunta ya saba.

Yanzu ko sunana ba ta riƙewa, da sunan marigayiyar ƙanwarta take kirana. Na ba ta gyaɗa ta ɓare, sai na tarar ta cusa ɓawon a baki, saura ƙiris ta shaƙe. Tsintar wake ma haka, dole na janye. Da ƙuruciyarta gwanar kaɗi ce, amma mazari na da tsini, ina tsoron ta soki kanta.

Abu biyu ne ke kwantar mata da hankali: in na kunna karatun Alƙur'ani a waya, leɓenta na bin Fatiha tiryan-tiryan, sai kuma in na murza mata man kaɗanya a tafin hannu. Amma da la'asar ta yi sakaliya sai ta ƙulle ɗankwalinta, ta nufi zaure wai za ta tafi gidansu. In na tare ta, kuka take. Wallahi abin na cin raina.

Don Allah waɗanda suka taɓa irin wannan jinya, me kuke ba su marar haɗari, musamman gab da magariba?