Don Allah a taimaka min da lissafin harajin albashi

Salam jama'a, masana haraji ku taimaka don Allah. Albashina naira 250,000 a wata, wato miliyan 3 a shekara. A sabuwar dokar harajin Najeriya da ta fara aiki Janairun 2026 ai 800,000 na farko babu haraji, sai kashi 15 a kan miliyan 2.2 da ke biye, ko? Na cire kashi 8 na fansho na lissafa ya ba ni 24,500 a wata, amma a ofis 27,500 suke yanka min, na je wajen akanta ya ce haka kwamfuta ta fitar kawai. Shin ba a cire fansho kafin a sa haraji ne? Kuma rangwamen harajin da ake yi saboda kuɗin haya, wa zan kai wa rasit?