Layin wutar Maryland: cutar yara ce ko cin gonar mutane?

Hajiya ta Carroll: Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ke zaune a gundumomin Baltimore, Carroll da Frederick na jihar Maryland ta Amurka, don Allah ya sa hannu a takardar ƙorafin nan. Kamfanin PSEG na jihar New Jersey yana so ya ratsa mu da layin wuta mai ƙarfin kilobolt 500, wajen mil 67, har tashar wuta ta Doubs da ke Frederick. Ni magana ɗaya nake yi: irin wannan layi yana sa wa yara sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta faɗa.

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam Hajiya. Zan sa hannu, amma ba don wannan dalilin ba. Hukumar ba ta ce yana sa sankara ba. Reshenta mai binciken sankara, IARC, a rahotonsa na 2002 ya sa ƙarfin maganaɗisun da ke fita daga wayoyin wuta a rukunin 2B, wato abin da "mai yiwuwa" ya jawo cutar. A nan ake ajiye abin da hujjarsa ba ta kai a hukunta ba, ba ta kuma kai a wanke ba. Ruwan ganyen aloe vera ma yana cikin rukunin.

Hajiya ta Carroll: Malam, "mai yiwuwa" a kan ɗan wani ne yake da sauƙin faɗa.

Likitan Yara: Hajiya, tsoronki ba daga iska ya faɗo ba, bari in ba shi haƙƙinsa. Tun 1979 wasu masu bincike biyu, Wertheimer da Leeper, suka lura cewa a birnin Denver yaran da sankara ta kashe sun fi fitowa daga gidajen da ke kusa da wayoyi masu ɗaukar wuta da yawa. A 2000 aka tattara bincike na ƙasashe da dama, aka ga haɗarin sankarar jini ya kusa ninkawa ga yaran da ke kwana cikin maganaɗisu mai ƙarfin maikrotesla 0.4 ko fiye. Sai dai yaran da suka kai wannan ma'auni ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne binciken Jami'ar Oxford ta Birtaniya a 2005, da ya ce yaran da aka haifa cikin mita 200 daga manyan layuka sun fi kamuwa. To amma a nisan mita 200 ƙarfin layin ya riga ya dusashe, bai fi abin da wayoyin cikin gidanki ke fitarwa ba. Da masu binciken na Oxford suka sake bin lissafin a 2014, sai suka ga ƙarin haɗarin yana nan a shekarun 1960, ya yi ta raguwa har ya ɓace a shekarun baya, alhali layukan suna nan a tsaye, wuta na bin su. Da wayar ce ke kawo cutar, ai da ba ta daina ba. Kuma har yau ba a samu hanyar da wannan ƙarfi zai lalata ƙwayar halitta ba, a dabba ko a ɗakin gwaji.

Hajiya ta Carroll: Ke Likita, tsakani da Allah, za ki sayi gida a ƙarƙashinsa?

Likitan Yara: Ba zan saya ba. Ba na son ganinsa, ba na son ƙugin da yake yi in an yi ruwa, kuma na san ranar sayarwa zan sha wuya. Duk waɗannan dalilai ne na gaske, amma ba na asibiti ba ne.

Ɗan Kurna: Ikon Allah! Wato ku can wuta ce ake kawo muku kuna kora. A Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir ma ya faɗi, Arewa ta yi fiye da mako a duhu, ƙanƙara ta zama gwal a Kano. Da muna da layi na uku da wa zai ji? Ku turo mana turakun, mun gode.

Injiniya: Ƙanina, raha kake yi amma ka taɓo jijiyar maganar. Layi ba don ado ake ƙara shi ba, don ranar da ɗaya zai faɗi ne. PJM, hukumar da ke tafiyar da babban layin wuta na jihohi 13 da birnin Washington, ita ta zaɓi wannan aiki a Disambar 2023, bayan ta ga buƙata na hauhawa, tsofaffin tashoshin gawayi kuma na shirin rufewa, irin Brandon Shores da ke kusa da Baltimore. Maryland kuwa wajen kashi 40 cikin 100 na wutar da take sha daga wasu jihohi take shigowa. Duk wutar nan ta gonar wani ta bi kafin ta iso gidan Hajiya.

Baba Mai Ritaya: Injiniya, ka faɗi rabi ka haɗiye rabi. Buƙatar wa ce ke hauhawa? Firjin Hajiya ne ya ƙaru? Cibiyoyin adana bayanan kwamfuta ne na gundumar Loudoun a Virginia, su Ashburn, inda manyan kamfanonin intanet suka jibge na'urorinsu. Loudoun na kwasar harajinsu tana gina makarantu. Manomin Carroll kuma a yanke masa tsiri mai faɗin ƙafa 150 a tsakiyar gona, ba gini, ba dogon itace, har abada. Kuɗin aikin, dala miliyan 424, a takardar kuɗin wutar jama'a zai fito. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasu gonakin ma jihar ce da kanta ta biya masu su don su yi alkawarin ba za a taɓa gini a kansu ba.

Injiniya: Baba, wutar da ke cikin layi ba ta da adireshi. In ƙarfin wuta ya faɗi a yankin, ba a Ashburn kaɗai zai tsaya ba.

Baba Mai Ritaya: Na yarda. To wanda ya jawo nauyin ya ɗauki kuɗinsa, kuma a fara gwada faɗaɗa hanyoyin da layuka ke bi tun da, kafin a buɗe sabuwa. Har kotun tarayya kamfanin ya kai masu filaye a 2025 don a bar ma'aikatansa su shiga awo, tun hukumar jiha ba ta amince da aikin ba.

Hajiya ta Carroll: To a binne shi a ƙasa mana. Na ji an yi a Kalifoniya.

Injiniya: An yi, a Chino Hills. Kamfanin Southern California Edison ya riga ya kafa turaku masu tsayin kusan ƙafa 200 a tsakanin gidaje, mutanen garin suka yi ta fafatawa har hukumar jihar ta ce a 2013 a cire su a binne layin. Amma mil uku da rabi ne kacal, aka ƙiyasta dala miliyan 224. Ki auna da mil 67. Sannan wayar ƙasa ma tana fitar da maganaɗisu, wanda ya tsaya daidai kanta yana iya samun fiye da na ƙarƙashin turke, sai dai yana saurin raguwa in an matsa gefe. Kuma haƙa ramin kansa sai ya farke gonar da Baba ke karewa.

Malamin Kimiyya: Shi ya sa nake roƙo, Hajiya, a cire sakin layin sankara daga takardar. Hukumar Kula da Ayyukan Jama'a ta Maryland ce za ta yanke hukunci, tun ƙarshen 2024 kamfanin ya miƙa mata buƙatarsa. In kika tashi a gabanta da maganar sankara, lauyan kamfani zai kira ƙwararre ya karanto abin da Likita ta rubuta yanzu, a wuce wurin. Tambayoyin Baba kuwa, ko an gwada wata hanya, wa zai amfana, wa zai biya, dole su amsa da lissafi.

Hajiya ta Carroll: Maganar gona ba ta cika ɗakin taro da iyaye mata, Malam. Ta yara ce ta cika shi. Zan mayar da sakin layin sankarar ƙasa, in sa na Baba a sama, amma ba zan goge ba.

Likitan Yara: To aƙalla ki rubuta "ba a tabbatar ba" a gefensa.

Hajiya ta Carroll: Turo mini yadda kike so a rubuta, in gani. Baba, kai ma ina jiran naka kafin Juma'a.