Karyayyen benci: me za mu kira "bancarotta" da Hausa?

1/ Jama'a, ina cikin fassara labarin wani kamfani da bashi ya yi wa katutu, sai kalmar bankrupt ta tsayar da ni. Na rubuta "fatara", na goge. Mai fatara babu ce ta same shi, ba lallai ana bin sa ko sisi ba.

2/ Sai na bi salsalarta. Turawan Ingila daga Faransanci suka aro ta, Faransawa kuma daga Italiyanci: banca rotta, wato karyayyen benci. Banca shi ne teburin da 'yan canji ke baza kuɗi a kai a birane irin su Fulorens da Benis, kuma can ne tushen "banki" da muke faɗa kullum.

3/ Banca ba Latin ba ce, daga harsunan Jamusawan da ta shigo. Rotta ce 'yar gida: daga rupta ta Latin, uwar Italiyanci, ita kuma daga rumpere, karyawa ko fasawa. A bakin Italiyawa "pt" ta narke ta koma "tt", kamar yadda septem ta zama sette, bakwai. Turawan Ingila suka maido da "p" ɗin don kalmar ta yi kama da kakarta.

4/ Ana ba da labarin cewa ɗan canjin da ya kasa biyan mutane, bencinsa ake karyawa a bainar jama'a. Manya ma ba su tsira ba: bankin gidan Peruzzi na Fulorens ya rushe a 1343, na Bardi ya biyo baya, bayan Sarki Edward na Uku na Ingila ya gaza biyan bashin da ya ci don yaƙar Faransa.

5/ Abin da ya ba ni dariya, mu ma haka muke cewa a kasuwa: "Alhaji ya karye." Ba benci, amma karyewar dai ita ce.

6/ Wani malaminmu ya ce in sa "muflisi", ta littattafan fiƙihu. Allah ya gafarta malam, daidai ce, amma mai sauraron rediyo sai an yi masa fashin baƙi. "Karayar arziki" ta yi faɗi, gobara ma tana jawo ta. "Durƙushewa" kuwa kamfanin da ba a bi bashi ma yana yi.

7/ Ni dai na tsaya kan "karyewa": kotu ta tabbatar kamfanin ya karye. A dokar Italiya ta yau bancarotta laifi ce, musamman ga wanda ya ɓoye dukiya ya ce babu. Wannan na sa masa "karyewar gangan". 'Yan Kwari da Kurmi, ku yaya kuke kiran irinsa?