Chainsaw da Hausa: na tsaya kan "zarton sarƙa"

1/ Jama'a, a zo mu raba gardama kan sunan injin nan da Bature ke kira chainsaw, wanda ake riƙewa da hannu biyu a datse gungume kafin mai gatari ya gama tofa yawu a tafinsa. Masu aiki da shi "inji" kawai suke cewa, kuma sun fahimci juna. Amma mai rubuta wa mai saye shawara dole ya tsaya kan suna ɗaya.

2/ Wanda aka fi gani a labarai shi ne "injin sare itace". Ban gamsu da shi ba. Sara aikin gatari ne da adda, a ɗaga a doka, shi kuwa wannan ɓantarar itacen yake yi kaɗan-kaɗan da gudu. "Injin yankan katako" kuma yana da mai shi: wancan mai faifai da 'yan katako ke girkewa wuri ɗaya suna tura masa katako. Ka shiga kasuwa da wannan sunan, wani abin daban za a nuna maka.

3/ Wani ɗan'uwa daga Nijar ya ce sunan Faransanci, tronçonneuse, daga datsa gunduwa-gunduwa ya samo asali, don haka mu ce "madatsi". Da daɗin faɗa, sai dai kunnen Bahaushe zai tafi madatsar ruwa.

4/ Wani kuma ya ce mu ɗauki sunan kamfani, yadda omo da magi suka zama sunan kowane irinsu. A nan ba zai yi ba. Andreas Stihl ya fara ƙera nasa a Jamus a 1926, Dolmar ya fito da mai fetur a 1927, Husqvarna na Suwidin ya shigo a 1959. Mai saye tsakanin irin waɗannan kamfanoni yake zaɓe. In duk sunansu "Stihl", ya zai tambayi wanne ya fi?

5/ Saura "zarton inji" da "zarton sarƙa". Na farkon ya fi sauƙi a baki, amma ya haɗa har da mai faifan kafinta. Abin da ya bambanta namu shi ne sarƙar nan mai haƙora da ke zagaye dogon farantin ƙarfe. Ita ke yanka, ita ake wasawa, ita ke ƙarewa a sake saye. Siffar haƙoran da ake amfani da su yau ma wani mai aikin daji a Amurka, Joseph Cox, ya ƙirƙiro ta bayan ya lura da yadda tsutsar itace ke cin kututture, ya fara sayarwa a 1947. Masu cewa kwaikwayon Turanci ne su tuna da fitilar ƙwai: mun saba kiran abu da sashen da ya fi fitowa fili a jikinsa. Jam'insa kuma ba wuya, zartunan sarƙa.

6/ Farantin da sarƙar ke zagayewa ina ganin "takobi" ya dace da shi, kuma Jamusawa ma haka suke kiransa. Da wannan kalmar shawarar saye ta zo da sauƙi: mai neman itacen girki ya nemi takobi mai tsawon santimita 35 zuwa 45, da inji mai cc 40 zuwa 50 (cc ma'aunin girman inji ne). Wannan zai datse darbejiya da busassun rassa yini guda ba tare da ya karya kafaɗa ba. Kada mai shago ya ruɗe ka da ƙaton Stihl 070. Injinsa ya haura cc 100, nauyinsa ya wuce kilo 10 tun ba a ɗaura takobi ba, aikinsa kayar da manyan bishiyoyi da tsaga katako ne. Ka saye shi don tukunyar gida, fetur da bayanka ne za su biya.

7/ Kirya da marke suna da tauri, amma yashi ya fi su cinye haƙora. Gungumen da aka ja a ƙasa, ko bakin takobi ya taɓa turɓaya sau ɗaya, sarƙa ta dushe. Alamarta a fili take: mai kaifi ɓarɓashi manya take fitarwa, wadda ta dushe gari mai laushi, sai ka ga kana danna zarton da ƙarfi. Saboda haka ranar saye a haɗa da magagari zagayayye daidai girman haƙoran. Tankinsa biyu ne, ɗaya na man sarƙa, ɗaya na fetur da aka gauraya da man inji. Stihl da Husqvarna kashi 50 da 1 suke cewa in da nasu man ne, wato mililita 100 na man inji a lita 5 na fetur. Wanda ya zuba fetur zalla ya kashe injin.

8/ Kalmar da ta fi damuna ita ce kickback: saman bakin takobi ya ci karo da wani abu, zarton ya tashi sama ya nufo fuskar mai riƙe da shi. Ina ba da shawarar "harbi", irin na jaki, don ba ya sallama. Wasu sun fi son "zabura", amma ina ganin ta yi sanyi ga abin da ke tsaga goshi. Garkuwar da ke gaban hannun hagu, wadda ke tsayar da sarƙa nan take, "birkin sarƙa" ce, kuma wannan ba gardama. Kwancen da birkinsa ya mutu, ko kyauta ne a bar shi. Masu riƙe zarton kullum, iyayen gidana, me kuke cewa a daji in ya yi muku haka?